Uwar da na samu a Jazira

Duk uwar da 'yarta ke karatu a ƙasar waje ta san fargabar lokacin hutu: makaranta ta watse, kuɗin jirgi babu, ina yarinya za ta sa kanta?

Ina karatun jinya a Khartum aka yi hutun Babbar Sallah, sai ƙawata 'yar Sudan ta tafi da ni ƙauyensu a jihar Jazira, kusa da Wad Madani. Lokacin Larabcina bai taka kara ya karya ba, amma mahaifiyarta ta zaunar da ni bakin murhu ta koya min kisra, wato wainar dawa mai fale-fale, ta ƙunsa min lalle tare da 'ya'yanta. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, a gefena ta kwana tana goga min jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Har yau hannunta nake tunawa in na tsaya kan majinyaci.

A Disambar 2023 yaƙi ya iso Wad Madani, suka bar gida. Yanzu su ne baƙi a hannun wasu.

'Yan uwa mata, in 'yarku ta zo hutu da baƙuwa, ku riƙe ta hannu bibbiyu. Uwarta na can tana roƙon Allah ya haɗa ta da irinku.