Sankarar Ɓargo da Aikin Ɗalibin Hausa

Mu mazauna Ƙauyen Alu maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, wanda aka kafa a 1988. Maƙwabtakar nan ce ta sa na fara jin labarin wata cuta da likitoci ke kira mayeloma, wadda ni dai zan kira ta sankarar ɓargo.

A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta masu ƙera furotin ɗin garkuwar jiki. Kowane furotin sarƙoƙi huɗu gare shi, biyu dogaye, biyu gajeru. Umarnin ƙera su kuwa rubutacce ne cikin ƙwayar gado. To, mu da muke nazarin rubuce-rubucen ajami mun san abin da kan faru idan mai kwafar littafi ya tsallake layi, ko ya ɗiga aya tun magana ba ta ƙare ba: duk wanda ya kwafa daga gare shi sai ya gaji kuskuren. Haka ƙwayar sankara take. Guda ɗaya ce ke ta hayayyafa, in umarninta ya guntule, sai zuriyarta duka su riƙa fitar da guntun furotin. A 1964 Edward Franklin ya bayyana wata cuta 'yar'uwar mayeloma, wadda doguwar sarƙa ke fitowa a cikinta da giɓi, ba tare da gajeriyar ba. Tun a 1847 kuma Henry Bence Jones na Landan ya gano wani furotin a fitsarin majinyaci, sai a 1962 aka tabbatar gajeriyar sarƙar ce tsurarta. Ita ce kan toshe ƙoda.

Abin da ke damuna shi ne, alamun cutar, watau ciwon baya, da ƙarancin jini, da karyewar ƙashi ba da wani dalili ba, mukan jingina su ga sanyi ko tsufa. Sai dattijo ya yi ta shan jiƙo har ƙoda ta gaza, alhali gwajin jini da fitsari na iya nuna ta. Rashin sani ya fi dare duhu. Cutar da ba ta da suna a bakin mutane ba a zuwa asibiti dominta.

Saboda haka ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu zauna da likitoci mu tsara waɗannan kalmomi, domin dattijon Tarauni ya ji sunan ciwonsa da harshensa tun da sauran lokaci.