'Ya'yan Manoma Da Binciken Kimiyya

A Maitumbi nake zaune, kuma abin da ke damuna shi ne yaran unguwarmu, musamman 'yan mata, suna jin sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kamar labarin wata ƙasa, alhali tun 1983 take garin nan. A 2019, da tallafin Bankin Duniya, jami'ar ta sami cibiyar binciken gubar funfuna, wadda ke kama gyada da masara a ajiya, ta jawo ciwon dajin hanta. Farfesa Hussaini Makun ne ya jagoranci aikin. To, jama'a, wa ya san rumbu kamar ɗan manomi? Ina roƙon shugabannin irin wannan bincike su riƙa zagaya makarantun unguwanni, su ware wa 'ya'yan talakawa guraben karatu. Da ɗan gari akan ci gari.