Tukunyar da Ake Ɗorawa a Kulle Gida

Watana uku a Birmingham na ga abin da ya ɗaure mini kai. Maƙwabciyata ta zuba nama da albasa a wata tukunyar lantarki, ta rufe, ta kulle gida ta tafi aiki tun bakwai na safe, sai biyar na yamma ta dawo. Ni da Inna ta yi wa tarbiyya cewa mace ba ta ɗora girki ta bar gida, wuni na yi ina leƙen tagarta, gabana na faɗuwa.

Yanzu ni ma ina da irinta. Cikinta tangaran ne mai kauri, wutar da take ci ba ta kai ta dutsen guga ba. Ƙafar saniya da ke cinye mana itace da rabin yini, a nan sai in ɗora da dare in tarar da ita tuɓus da asuba. Gaskiya na yi wa matan nan ƙyashi. Amma miyarta ba ta kamo ƙafar ta tukunyar ƙasa ba. In ban soya albasa da tattasai daban ba, salam take fitowa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jan waken nan mai kamar ƙoda da ake sayarwa a nan. Yana da guba da sai tafasa mai ƙarfi ke kashewa, zafin tukunyar kuwa bai isa ba. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa shi a murhu aƙalla minti 10 kafin a juye ciki. In ba haka ba, amai da gudawa ne cikin 'yan sa'o'i.

Nama mai ƙanƙara ma kada a saka sai ya narke a firji. Kada a cika tukunyar fiye da kashi biyu cikin uku, a kuma daina yawan buɗe murfi.

Tawa ta farko da hannuna na fasa ta: na kwara mata ruwan sanyi tana da zafi, na ji ƙas, ta tsage har gindi. Wadda ta tsage ba a ƙara girki da ita. Tsofaffin kwanukan tangaran masu fenti da ake samu da araha a gwanjo kuwa, wasunsu akwai dalma a shafen jikinsu, kuma abu mai tsami kamar tumatir yana fito da ita. Wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta hallaka a 2010 ba ya wasa da dalma.

Ƙanwata a Kano tana ta roƙon in aiko mata, ita ma ta riƙa ɗorawa ta fita. Na ce mata a'a. Maƙwabciyata tana kulle gida ne saboda wutarsu ba ta ɗaukewa. 'Yar'uwa, in aka ɗauke wuta ba kya nan, ba ki san awa nawa naman ya yi a ɗumi ba, to zubar da shi za ki yi.