Daga Gauraka Zuwa Ma'ajin Tarihi: Guzurin Na'ura Mai Basira

Duk matafiyin da ya baro Abuja ya nufi Kaduna, da zarar ya ba Dutsen Zuma baya, ba zai yi nisa ba zai iso Gauraka, wani gari na bakin hanya kusa da Suleja a Jihar Neja. Ba gari ne da ake yada zango don kallo ba. Manyan motoci suna ratsa shi dare da rana, masu talla suna bin gefen titi, samari kuwa kowa da wayarsa a hannu. Amma ga mai lura, wuri ne da ya dace a tsaya a yi tunani a kan shirin da laburaren bincike ke yi domin zamanin ƙirƙirarriyar basira, watau na'urar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum.

Dalili kuwa shi ne Gauraka tana zaune ne tsakanin Abuja biyu. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa zuwa wannan yanki na Gwari da Koro. A 1828 ƙanensa Abu Ja ya kafa birni, aka kira shi Abuja. Shekara 148 bayan haka, a 1976, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birni, tsohon garin kuwa aka sa masa Suleja, saboda Sarki Sulaimanu Barau.

To, a ce wani ɗalibi a Gauraka ya tambayi na'urar nan tarihin Abuja. Galibi abin da za ta fara kawo masa shi ne labarin sabon birni da ƙaurar gwamnati daga Ikko a 1991, domin shi ne ya cika intanet. Na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka ciyar da ita. Ana tara mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ta yi ta bi, har ta gane wace kalma ke bin wace. Abin da bai shiga cikinta ba, ko dai ta yi shiru a kansa, ko kuma, abin da ya fi muni, ta ƙaga amsa mai kama da gaskiya. Alhali kuwa tarihin tsohuwar Abuja a rubuce yake. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta shi da Hausa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1952.

Mai neman sauran labarin sai ya ci gaba da tafiya arewa, kusan mil 100, zuwa Kaduna. A can akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda aka jibge fayil-fayil na Lardin Neja da rahotannin Razdan da na Di'o. Akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu kuma ɓangare ne na Jami'ar Ahmadu Bello. Cikinsa akwai littattafai da tsofaffin jaridu da takardun Larabci da na ajami. In aka ƙara mil 50 sai Zariya, inda Laburaren Kashim Ibrahim yake.

Shirin da irin waɗannan wurare ke bukata ba sayen kwamfuta kaɗai ba ne. Da farko sai an tsare takardar kanta daga gara da asu da danshi da gobara, don abin da gara ta ci ya tafi ke nan. Sa'an nan a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta bayaninsa: wa ya rubuta, yaushe, a ina, a kan me. Daga nan ne za a mai da hoton ya zama rubutun da na'ura ke iya karantawa, kuma a nan gizo ke saƙa. Tsofaffin kekunan rubutu da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa, na'urar karatu ma takan ɗauki ƙ a matsayin k. Ta haka ƙafa take komawa kafa, baƙi ya koma baki, ma'ana ta juye. Ajami ya fi wannan wuya, domin rubutun hannu ne irin na Magariba, kowane malami da hannunsa, ga kuma ɗigon nan na ƙasa da ke nuna wasalin e. Sai an sami malaman da suka tashi a gaban allo sun zauna sun kwafe shafuka masu yawa daidai, kafin na'ura ta koya.

A ƙasashen waje aikin ya yi nisa. A watan Afrilu na 2024 ƙungiyar manyan laburaren bincike ta Amurka da Kanada ta fitar da ƙa'idojinta a kan ƙirƙirarriyar basira, inda ta nanata cewa dole ɗan Adam ya kasance cikin aikin, a kuma kiyaye sirrin masu karatu. A watan Disamba na shekarar Jami'ar Harvard ta ba da sanarwar za ta saki littattafai kusan miliyan 1 waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, domin koyar da na'urori. Jami'ar Boston kuwa ta ɗauki hotunan takardun ajami na Hausa ta sa a intanet, kowa na iya dubawa.

Gida ma ba a zauna ba. A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta gabatar da N-ATLAS, na'urar harshe da aka koya wa Hausa da Yarbanci da Ibo. Sai dai kowace irin na'ura tana bukatar rumbu. Dokar 1970 ta wajabta wa kowane mai buga littafi ya kai kwafi 3 Laburaren Ƙasa, amma ginin hedkwatar laburaren a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe fiye da shekara 15 ba a gama ba. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun amana. Takardu da yawa ba a laburare suke ba, suna cikin gafaka da akwatuna a gidajen malamai da alƙalai da sarakuna. Mai gidan da ya yarda aka ɗauki hoton gadon kakansa yana da haƙƙin ya san inda hoton zai je, da wanda zai ci moriyarsa, a kuma bar masa kwafi da sunan gidansu a jiki. In ba a kiyaye wannan ba, akwatunan za su ci gaba da zama a kulle, kuma ba wanda zai ga laifin masu su.

Da yamma, lokacin da motoci ke kunna fitila a kan titin Gauraka, ɗalibin nan yana nan da wayarsa. Amsar da zai samu gobe game da garin kakanninsa tana hannun ma'aikacin da ke kakkaɓe ƙura daga fayil a Kaduna, da malamin da ke kwafe ajami a Zariya, da hukumar da za ta biya su ladan aikinsu. Allah ya sa masu iko su farga tun takardun suna karantuwa.