Ƙarfen wuyan jita: sana'ar da muke wucewa ba mu gani

'Yan uwa mazauna Abuja da kewaye, na Nyanya, Kubwa, Zuba, Gwagwalada har da na Mararaba. Yau ba maganar kasuwa ko kuɗin haya zan yi ba, maganar gyaran jita ce, musamman 'yan sandunan ƙarfen nan da ke jere a wuyanta, waɗanda masu gyara ke kira firet.

Mu Hausawa kayan kiɗanmu na tsirkiya ba su da wannan ƙarfe. Gurmi, garaya, molo, goge, duk kunne da yatsa ne ke nemo murya. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Ita jita ba haka take ba. An riga an yanka mata muryoyinta da ƙarfe, in ƙarfen ya karkace to ko gwani ne ya ɗauke ta ƙarya za ta yi masa.

Mahaifina ɗan Maradi ne, ɗan kasuwa, a nan ya haife mu. Da na gama sakandare shago ya so in zauna, kuma ina zama. Amma da yamma nakan je wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a wajen Nyanya, wurinsa na koyi abin da zan faɗa muku.

Abu na farko lissafi ne. Ana auna tsawon tsirkiya daga inda ta tashi a kan wuya zuwa gadar da ta sauka. A jita irin Stratocaster ta kamfanin Fender tsawon inci 25.5 ne, wato kusan milimita 648. Sai a raba shi da 17.817, abin da ya fito, kusan milimita 36.4, nan ne mazaunin ƙarfe na farko. A cire shi daga tsawon, a sake raba ragowar, sai a sami 34.3 na biyu, haka har ƙarshe. Ƙarfe na 12 dole ya faɗa daidai tsakiya, milimita 324. Shi ya sa tazarar ke ƙara matsewa in kana gangarowa. Ni da na ƙi lissafi a makaranta, a kan wuyan jita na gane amfaninsa.

Shi ƙarfen waya ce ta musamman: samanta a gewaye inda tsirkiya ke taɓawa, ƙasanta da siririn harshe mai 'yan haƙora da ke kama katako. Yawanci haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Turawa na kiransa azurfar nikel alhali babu ko ɗigon azurfa a ciki. Akwai kuma na bakin ƙarfe mara tsatsa, ya fi daɗewa amma yana cinye kayan aiki.

Kayan aikin ba su da yawa. Siririn zarto mai yanka tsagar da ba ta kai milimita ɗaya ba. Ƙaramar guduma mai kan roba ko tagulla, don ta kafinta lotsa ƙarfen take yi. Filaya da aka goge bakinta ya kwanta. Magagari, sanfefa, miƙaƙƙen ƙarfe na awo, maka, gam, da ƙarfen zafi irin na masu gyaran rediyo.

In za a cire tsohon ƙarfe, sai a ɗora masa zafi kaɗan gam ya saki, a riƙa ɗaga shi da filaya sannu a hankali daga gefe guda. Mai gaggawa sai ya ɓantare katako. A share tsagar tas, a tabbata wuyan ya miƙe. Fuskar wuyan jita da ɗan doro take, don haka ana lanƙwasa sabuwar waya ta ɗan fi doron. A yanka ta da ɗan saura, a buga gefe da gefe tukuna, sannan a bi tsakiya. A datse bakunan, a goge su a karkace don kada su yanki hannu. Daga nan a shafa maka a saman kowane ƙarfe, a bi su da sanfefa da aka manna a miƙaƙƙen ƙarfe. Inda tawada ta rage, nan ne kwari. In sun daidaita sai a dawo wa kowanne da gewayensa, a goge ya yi santsi. Ƙarfe ɗaya in ya fi 'yan uwansa tsawo, zuzar da zai sa ta ishe ka.

To ga inda zancen ya shafi amana. In hunturu ya shigo Abuja iska ta bushe, katakon wuya yakan tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakunansa su leƙo suna kartar yatsa. Wannan aikin magagari ne na ɗan lokaci, kuma a cikin hunturun ya fi kyau a yi shi. Amma na sha ganin wanda aka ce masa sai an canza ƙarfen duka, aka karɓe masa kuɗi mai yawa. Baba kullum cewa yake mudu in ya tauye, kasuwa ce ta mutu. Mai gyara ma da nasa mudun.

Na san wasu za su ce me ya haɗa ɗan gidan mutunci da kayan kiɗa. Ra'ayinsu ne, ban raina shi ba. Ni dai abin da na gani, garin nan cike yake da jita a coci-coci, makarantu da ɗakunan ɗaukar waƙa, masu gyara kuwa ƙalilan ne, mu kuma samarinmu na zaune tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. Ku dubi can gida Nijar. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kundinsa na farko kuma, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Bombino ɗan yankin Agadas ya kai ga shiga takarar kyautar Grammy a 2019. Kowace jita da irin waɗannan ke riƙewa, akwai hannun da ya daidaita mata ƙarfe.

Duk wanda ke da ƙane mai haƙuri da kaifin ido, ya kai shi ya koya. Da tsohuwar jita da magagari ɗaya ake farawa. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare mu da cin haram. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.