Abin da Kawu Ya Tafi da Shi

Ranar sadakar bakwai ta kawuna, wanda ya shekara talatin yana sayar da goro, mutum uku suka zo suka ce suna binsa bashi. Ba wanda ya zo ya ce kawu na binsa. Muka buɗe akwatinsa, ko guntun takarda ba mu samu ba. Wa aka ba huhu nawa, wane dillali ne mai amana, wane goro ne ke jure ajiya, duk a kansa suke, da shi kuma aka binne su.

Daga baya ne, ina nazarin waƙoƙin Alhaji Umaru Salaga, na ga ashe magabata sun san wannan ciwo. An haife shi a Kano wajen 1858, ya bi hanyar fatauci zuwa Gwanja, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete Karaci, inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. Ɗalibai sun fi saninsa da waƙa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai wani littafi ne da ya rubuta da Larabci tun yana matashi, kan yadda ake tsara wasiƙa. Wanda ya tashi cikin fatake ya san abin da takarda ke yi tsakanin Kano da Salaga, tafiyar watanni.

Ayarin goro bai taɓa jingina ga kan mutum ɗaya ba. Madugu ya san sarakunan hanya da abin da za a biya a kowane mafitar ruwa. Jagaba ya san zango da mashaya. Malamin ayari na riƙe da alƙalami, shi ke rubuta wasiƙa, shi ke duba ranar tashi. A can Salaga kuma mai masauki ya san farashi, ya san wanda za a ba bashi a kwana lafiya. In ɗaya ya faɗi, ayari ba ya tsayawa.

Tsohon garin Kete yana ƙarƙashin tafkin Volta tun bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, amma rubuce-rubucen Alhaji Umaru suna nan a Jami'ar Legon, ana karanta su.

Mutanen nan uku dai mun biya su. Na ukun har yau ina shakkarsa.