Jayayya da wasiyya ba cin mutuncin mamaci ba ce

A gidajenmu babu maganar da ta fi nauyi a harshe bayan rasuwa kamar mutum ya ce bai yarda da wasiyya ba. Ana ɗaukar ta tamkar tone kabari. Ni kuwa na daɗe ina ganin wannan kunyar tana cutar da rayayyu fiye da yadda take kare martabar wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Da baffana ya rasu, ya bar 'ya'ya bakwai da gidaje biyu. Bayan sadakar uku aka fito da takarda mai sa hannunsa, wadda ta mallaka wa babban ɗansa babban gidan, sauran kuma su raba ƙaramin. Autarsa ce kaɗai ta buɗe baki. Cewa ta yi, "Yaya, ka yi haƙuri, yaushe Baba ya rubuta wannan? Watanni huɗu ina jinyarsa, ko cokali ba ya iya riƙewa." Nan take aka ce ba ta da kunya, har wata goggonmu ta fashe da kuka.

Tambayarta kuwa ita ce wadda alƙali zai fara yi. Shari'ar Musulunci ba ta sakar wa mai dukiya mara ba a kan abin da zai bari. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da yake kwance ba lafiya a Makka, kuma ba a yin ta ga magaji, domin rabonsa an riga an yanke. Idan aka ce ai kyauta ce, to a mazhabar Malikiyya sai wanda aka bai wa ya karɓi abin a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Aya ta 182 a Suratul Baƙara ma ta ɗauke laifi daga wanda ya gyara wasiyyar da ta karkace.

Lamarin ya fi rikicewa idan takardar lauya ce. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 yana da ikon raba dukiyarsa yadda ya ga dama, ko da ya saɓa wa Malikiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi dokokinsu, suka ware Musulmi daga wannan sakin, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wasiyyar wani Musulmi daga Kwara a kan haka. Saboda haka jihar da mamaci ya zauna tana da tasiri a sakamakon ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne wata ƙofa da ke cikin fiƙihun kansa: wasiyyar da ta wuce iyaka tana zartuwa idan magada suka amince. Malikiyya na ɗaukar amincewar a matsayin kyauta daga aljihunsu, wato kowa rabonsa kaɗai yake iya yafewa, ba rabon maraya ko na wanda ba ya nan ba. Amma wace irin yarda ake samu daga matar da ke takaba, ko 'yar da dattawa biyar suka zuba wa ido a tsakar gida? Ana neman sa hannu ne daidai lokacin da hawaye bai bushe ba, kuma kusan kullum mata ake fara miƙa wa alƙalamin.